Ruwan gwal ɗin nan da ake ta musu a kansa

Gwaggona da ke Agege ce ta jawo min wannan dogon rubutun. Ranar wata Lahadi na je gaishe ta, bayan na sha gosulo tun daga Oshodi har Pen Cinema, ina zama ko ruwan da aka kawo min ban gama sha ba ta ce "ɗan nan zo ka karanta min wannan, ku da kuka yi boko," sai ta jawo wata 'yar kwalba daga ƙarƙashin filo an naɗe ta da ɗankwali kamar laya. Kwalbar mai duhu ce, mililita 250, da na ɗiga kaɗan a cokali na kai bakin taga sai na ga ruwan ja-ja ne kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. A jikinta an rubuta da Turanci wai zinari ne tsantsa karat 24 a cikin ruwa, 10 ppm, wai yana wasa ƙwaƙwalwa, yana maganin ciwon gaɓɓai, yana sauke hawan jini, yana gyara barci, kai saura kaɗan su ce yana mayar da tsohuwa yarinya. Naira 45,000 ta saye ta a hannun wata mata a gurup ɗinsu na adashi a WhatsApp, kuma wai an yi mata ragi ne saboda sanayya.

Tun daga ranar kamar an buɗe min kunne, duk inda na zauna sai na ji zancen, a teburin mai shayi, a ƙofar masallaci bayan isha'i, har a cikin danfo na ji wani yana tallar irinsa da Yarbanci. Wasu su ce kai gwal ne fa, abin da duniya gaba ɗaya ta yarda da darajarsa ta yaya za a ce ba ya amfani a jiki, ai su kansu likitocin Turawa sun yi magani da shi. Wasu kuma su ce ƙarya ce tsagwaronta, gwal ba shi da wata alaƙa da magani, damfara ce kawai aka sa mata kwalba. Ni dai abin da na lura shi ne kowa na cewa gwal, gwal, amma ba abu ɗaya suke nufi ba, shi ya sa musun ba ya ƙarewa. Gwal ɗin ɗan kunne daban, gwal ɗin da likitoci suka taɓa yin allura da shi daban, na cikin kwalbar Gwaggo daban, farin garin nan da ake kira Ormus ma daban, kuma kama da wane ba ta wane.

Bari in fara da wanda muka sani. Akwai wani Alhaji ɗan garinmu da ke saye da sayar da gwal a Yaba, shekararsa ta fi ashirin a harkar, washegari na wuce ta shagonsa da hoton kwalbar a waya. Ina zaune wata mata ta kawo sarƙa za ta sayar, ya karɓa ya goga ta a jikin baƙin dutsen nan nasu na gwaji ta bar zane mai ruwan ɗorawa, ya ɗauko 'yar kwalbar asid ya ɗiga a kan zanen, mu uku muka zuba ido. Zanen bai motsa ba. Ya ce "Hajiya gwal ne, saura mu ga karat nawa." Da ta tafi ya ce min Malam da jabu ne da yanzun nan ka ga zanen ya ɓace ko ya yi kore, tagulla ba ta jure wannan ruwan, gwal kuwa ko a jikinsa. To ka ga duk sana'ar Alhaji a kan wannan hali ɗaya na gwal ta ginu, ba ya tsatsa, ba ya narkewa a asid guda ɗaya, ba ya haɗa jiki da komai cikin sauƙi. In ana so a narkar da shi sai an haɗa asid biyu masu ƙarfi, na haidirokulorik kashi uku da na naitirik kashi ɗaya, haɗin da ake kira akwa rejiya, wato ruwan sarauta. Cikin ɗan Adam kuwa haidirokulorik ɗin ne kaɗai a ciki, shi ma tsinkakke.

Mu Hausawa ma ba sai an kai mu ɗakin gwaje-gwaje ba. Haƙorin Makka ai muna gani, in na gwal ɗin gaske ne Hajiya za ta sa shi ta yi shekara talatin tana cin goro da shi, tana shan kunun tsamiya da lemo, yawu na wanke shi dare da rana, yana nan yana walƙiya yadda aka sa shi. Kuma akwai hadisin Arfaja ɗan As'ad wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinari. Duba abin da ya sa zinarin ya dace a wajen, saboda ba ya ruɓewa, ba ya taɓa naman da ke kusa da shi. Har gobe likitoci na amfani da wannan halin, a haƙori, a ɗan nauyin da ake dasawa a fatar idon wanda fuskarsa ta shanye don idon ya riƙa rufuwa, da 'yan ƙwayoyin da ake dasawa a jikin mai kansa don na'urar gashi ta san inda za ta saita. A duk waɗannan ana son gwal ne don zai zauna shiru bai tsoma baki a harkar jiki ba. To abin da ake nema saboda ba ya yin komai, ta ina kuma zai zama mai sauke hawan jini? Wannan tambayar ce masu talla ba sa son a tsaya a kanta.

Kuma jiki ba ya neman sa. Sinadarin ƙarfe in ya yi ƙaranci jini ya ragu mu ga mace ta ɗashe tana haki, ayodin in babu shi maƙoƙo ya fito a wuya shi ya sa ake sa shi a gishiri, zink ana ba yara masu gudawa tare da ruwan gishiri da suga. Amma babu wata cuta da aka sani da sunan ƙarancin gwal a jiki. Ɗan abin da ake samu a jikin babban mutum bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na miligiram ɗaya ba, kuma ba a san wani aiki da yake yi ba. Ganyen gwal ɗin nan da ake liƙa wa nama da kek a Dubai ana ɗaukar hoto, a Turai lambarsa E175 a jerin kayan ƙawata abinci, ado ne kawai, yadda ya shiga haka yake fita, ba sai na faɗi ta ina ba.

Yanzu lissafin kwalbar, wanda shi ne ya fi ba Alhaji dariya. Wannan 10 ppm ɗin ma'anarsa kashi goma cikin miliyan, wato miligiram 10 a kowace lita ɗaya ta ruwa. Kwalbar Gwaggo kwatan lita ce, ke nan in ma har abin da suka rubuta gaskiya ne gwal ɗin da ke ciki miligiram 2.5 ne. Giram ɗaya miligiram 1,000 ne, to ka ga giram ɗaya zai yi irin wannan kwalbar guda 400. Na ce Alhaji ɗora min miligiram biyu da rabi a sikelinka in gani, ya ce Malam sikelina ba ya ma jin sa, in na hura masa iska sai ya fi wannan motsi. Ya danna kalkuleta, kwalba 400 sau 45,000 ya ba shi miliyan 18, daga giram ɗaya da kuɗinsa bai kai na kwalba goma ba, ya ajiye kalkuletar ya ce ashe mu wahala muke yi a Yaba. Na san ƙarancin abu ba shi ne hujjar rashin aikinsa ba, akwai magunguna na gaske da miligiram ɗaya ma ya isa, amma dai wanda ke cewa tsadar kwalbar saboda tsadar gwal ne ya daina, ba gwal ɗin ka biya ba, sunan ka biya.

Jan launin kuma, wanda wasu ke cewa ai da gwal ne da ruwan ɗorawa zai yi, a nan masu kwalbar suna da gaskiya. Idan aka mayar da gwal ƙura ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, irin girman da ake aunawa da nanomita, suka watsu a ruwa, to ja yake komawa ko ruwan hoda, in ƙurar ta fi girma ya koma shuɗi-shuɗi. Michael Faraday ya yi bayaninsa a Landan tun 1857, kuma kwalaben da ya haɗa suna nan ajiye a cibiyar kimiyya ta Royal Institution har yau da jansu. Abin da zai ba ka mamaki, kusan kowannenmu ya taɓa ganin wannan gwal ɗin da idonsa bai sani ba. Ɗan farin katakon roban nan na gwajin maleriya da ake tsaga maka yatsa a kemis a ɗiga jini, jan layin da ke fitowa a yawancinsu ƙurar gwal ce aka ɗaura wa sinadarin da ke kama alamar ƙwayar cutar, in ya kama sai su taru wuri ɗaya layi ya bayyana. Haka tsinken gwajin ciki mai jan layi, haka na korona. Ke nan mai cewa gwal ba shi da amfani ko kaɗan a harkar lafiya shi ma ya yi azarɓaɓi. Sai dai a nan aikin tawada yake yi a kan takarda, ba sha ake yi ba. Kuma ja ba hujja ba ce, kalar abinci ta naira ɗari ma ja take bayarwa.

Sai babbar hujjarsu, wai ai likitoci sun yi magani da gwal. Gaskiya ne sun yi, kuma labarin ya cancanci a ji shi gaba ɗaya ba rabi ba. A 1890 Robert Koch na Jamus, wanda ya gano ƙwayar tarin fuka, ya sanar cewa wani haɗin gwal da sayanaid yana hana ƙwayar yaɗuwa a cikin kwalbar gwaji. A kwalba fa, ba a jikin mutum ba. Daga nan aka ɗauki zancen, a tsakiyar shekarun 1920 wani masani a Denmak mai suna Holger Møllgaard ya fito da allurar Sanocrysin, aka yi ta ɗirka wa masu tarin fuka ita a Turai, kowa na ba da shaida wai ya ga sauƙi. Sai wasu likitoci a kusa da Ditiroit a Amurka suka ce bari mu gwada da kyau, suka ɗauki majinyata 24 suka raba su gida biyu, suka jefa kwabo sama don a zaɓi ɓangaren da za a yi wa allurar gwal, ɗaya ɓangaren aka yi musu allurar ruwa zalla ba tare da sun sani ba. Sakamakon ya fito a 1931, gwal ɗin bai warkar da tarin ba, illa kawai ya ƙara wa waɗanda aka yi wa. Wannan gwajin yana cikin na farko-farko a tarihin likitanci da aka raba majinyata da ƙuri'a, wato dai tun kusan shekara ɗari da suka wuce gwal ya taɓa faɗuwa irin jarrabawar da muke cewa a yi wa kwalbar Gwaggo.

Amma a wani wajen ya ci. Wani likitan Faransa, Jacques Forestier, a 1929 ya fara yi wa masu amosanin gaɓɓai allurar gwal, ina nufin mugun ciwon nan da garkuwar jiki ke juyowa ta ci gaɓoɓin mai ita har yatsu su karkace, ba ciwon gwiwar tsufa ba. Shi a zatonsa ciwon dangin tarin fuka ne, zaton bai yi daidai ba amma maganin ya yi aiki, kuma a farkon shekarun 1960 wani babban gwaji a Birtaniya ya tabbatar da haka. Aka shekara da shekaru ana allurar Myocrisin da 'yan uwanta, a 1985 kuma Amurka ta amince da ƙwayar auranofin ta haɗiya. To a nan ne nake so a tsaya a saurara. Wannan ba gwal ɗin Alhaji ba ne, gishirin gwal ne, an ɗaure ƙwayar zarrar gwal da sinadarin kibiritu ta yadda zai narke ya shiga jini ya yi aiki. Kuma da ya shiga ɗin sai ya nuna halinsa, ƙuraje da ƙaiƙayi, gyambo a baki, ƙoda ta fara yoyon furotin a fitsari, wani lokaci ɓargo ya rage ƙera ƙwayoyin jini wanda hakan na iya kisa, wanda ya daɗe a kai fatarsa ta rine ta koma toka-toka mai shuɗi musamman inda rana ke bugu kuma ba ta komawa. Shi ya sa ake duba fitsari da jinin majinyaci a kai a kai muddin yana kan allurar, kuma sai an yi watanni kafin a ga amfani. Da metotireksat da sababbin magunguna suka samu karɓuwa sai likitoci suka yi ta ajiye shi, yau da wuya ka ga wanda ake yi wa.

Ka ga inda maganar ta tsaya ke nan. In gwal na nan a gwal ɗinsa, lafiya lau amma ba ya aikin komai. In an sarrafa shi yadda jiki zai ɗauka ya yi aiki, ya zama magani mai kaifi biyu da sai likita na tsaye a kanka. Mai kwalba kuma yana so ya ce maka nasa yana da ƙarfin na biyun da lafiyar na farkon, yana aro sunan likitocin Faransa ya manna a kan ruwan da ba irin nasu ba ne. Ba a cin biyu.

Shan gwal don neman ƙuruciya kuwa tsohon yayi ne, ba a Legas aka fara ba. Akwai wata mata a Faransa, Diane de Poitiers, dadiron Sarki Henri na biyu, wadda aka san ta da kyau da hasken fata har tsufanta, an ce kullum sai ta sha ruwan gwal. Ta mutu a 1566 tana da shekara 66. Da masana suka binciki gashinta da ƙasusuwanta suka wallafa a 2009, sun samu gwal a gashin ya ninka na mutum mai lafiya sau 500, ga ƙashi ya yi rauni, har suna ganin wannan hasken fatar da ake yabo ƙarancin jini ne gubar gwal ta jawo mata. Duk lokacin da na ji mai talla na cewa sirrin sarakunan da ne, ita nake tunowa.

Waɗanda suka ɗan yi karatu a cikin masu kare kwalbar za su ce maka to ai na yanzu nano ne, ƙanƙantarsa ta sa yana ratsa hanji. Wannan maganar ba a banza take ba, ana bincike a kai da gaske, har akwai wani kamfani a Amurka mai suna Clene da ya haɗa ruwan ƙurar gwal na sha, CNM-Au8, don cutar nan mai kashe jijiyoyin motsi da ake kira ALS, irin wadda ta kama Stephen Hawking. Sun bi hanya, sun yi gwaji a kan majinyata, a 2021 da 2022 sakamako biyu suka fito kuma a duka biyun maganin bai cika babban ma'aunin da aka gindaya tun farko ba, ko da yake su kamfanin sun ce sun ga wasu alamu masu ba da fata kuma suka ci gaba da nema. Ni wannan ya ƙara min haske ne ma, mutanen da suka zuba miliyoyin daloli da ƙwararru da injina suna ta fama su nuna yana aiki a kan cuta ɗaya tak, sai kuma ga wata kwalba a WhatsApp ta warkar da bakwai. Kuma in har ƙurar na ratsawa ta shiga jiki, gwaje-gwajen dabbobi sun nuna a hanta da saifa take taruwa ta daɗe, to wannan ba abin da za a ce wa tsohuwa ta riƙa sha safe da yamma ba ne babu mai dubawa.

Ormus kuwa ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Wani manomin auduga ne a Arizona, David Hudson, ya ce ya gano wani farin gari a ƙasar gonarsa wanda wai gwal ne da ya rabu zarra ɗaya-ɗaya har na'ura ba ta iya ganin sa. Wato in an auna ba a ga gwal ba, sai a ce ai shi ne shaidar ingancinsa. Yadda masu haɗa shi a gida ke yi, ruwan teku ko gishirin teku ake zuba wa soda irin ta yin sabulu, farin abu ya kwanta a ƙasa, wannan farin kuwa mafi yawansa magniziyam ne da alli, ɗan uwan farin maganin nan na kemis da ake sha don ƙwannafi da sakin ciki. In sodar ba ta fita duka ba ta ƙona maƙogwaro.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na Indiya, garin toka da ake kira Swarna Bhasma da ƙwayoyin da ake cewa da shi a ciki, don su ma suna shigowa kuma mutanenmu na girmama maganin Indiya. A al'adar haɗa irin waɗannan tokar ƙarafa ana amfani da zaiba da kibiritu wajen sarrafawa. A wani rahoto da aka wallafa a 2004, masu bincike a Boston sun sayo magungunan gargajiyar Indiya 70 a shagunan garin suka auna, 14 a ciki na ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar asanik. A 2008 suka sake wallafa wani a kan guda 193 da suka sayo ta intanet, aka sake samun kusan ɗaya cikin biyar, kuma a cikin rukunin da ake haɗawa da ƙarafa da gangan abin ya kai kusan kashi 40 cikin 100. Mu kuma ba baƙin dalma ba ne. A 2010 a Zamfara, ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, mutane na kawo duwatsun gwal cikin gida ana niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ashe duwatsun cike suke da dalma, yara sama da 400 suka rasu, sai da Likitocin Na Gari Na Kowa suka zo aka yi ta kankare ƙasar gidaje ana ba yara maganin fitar da gubar. Ba wai ina cewa kwalbar Gwaggo da dalma a ciki ba, cewa nake yi gwal a ƙasa ba shi kaɗai yake kwana ba, kuma abin da ba a auna ba ba ka san da wa ya zo ba. Ɗan uwansa ruwan azurfa ma da ake sayarwa tare da shi ya rina mutane shuɗi har abada, wani Ba'amurke Paul Karason ya yi suna a talabijin saboda haka.

Na koma wajen Gwaggo da duk wannan bayanin, ta saurare ni tsaf, ta ce "to na ji, amma ni da na sha na ji sauƙi, jiki magayi." Kuma ban ƙaryata ta ba, na yarda ta ji. Ciwon gwiwa dama haka yake, ya taso ya lafa, mutum kuma ba ya sayen magani sai ranar da ciwon ya kai maƙura, daga maƙura kuwa sai sauka ko an sha ko ba a sha ba, sai kwalbar ta kwashe ladan. Ga kuma aikin zuciya, wanda ba ƙarya ba ne. A 2008 an wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka, aka ba mutane ƙwayar da babu magani a cikinta aka ce ta kashe zafi ce, wasu aka ce musu kuɗinta dala 2.50, wasu aka ce an karyar da ita santi 10, kashi 85 cikin 100 na masu tsadar suka ce zafi ya ragu, na masu arahar kashi 61. Ƙwaya ɗaya ce fa. To ina ga wanda ya cire 45,000 daga kuɗin adashi, aka ce masa gwal ne. Matsalar ita ce zuciya na iya rage maka jin zafi, amma hawan jini ba jin sa ake yi ba, yana nan yana cin ƙoda da jijiyoyin kai kana ce wa mutane ka warke.

Sai na duba kwalbar ko akwai lambar NAFDAC, babu, tutar Amurka ce kawai a gefe. Can ɗin ma tun dokar 1994 irin waɗannan kayan ƙarin lafiya ba sai sun nuna suna aiki ba kafin su shiga kasuwa, shi ya sa a ƙasan kwalbar da ƙananan haruffa suke rubuta cewa ba a yi shi don gano cuta ko warkar da ita ba, sama ta yi alkawari ƙasa ta janye. A nan gida ma ko da ka ga lamba, mutane da yawa ba su san cewa lambar maganin gargajiya mai harafin L a ƙarshe shaidar an duba ba ya cutarwa ce, ba shaidar yana warkarwa ba, har ma ana sa su rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da suka yi ba. Kuma ana iya duba lamba a Greenbook na hukumar a waya, don buga lambar ƙarya a kwali ba wuya ba ne.

Ina cikin wannan bayanin ne idona ya kai kan wardirob, na hango kwalin ƙwayar hawan jininta, na ɗauko na buɗe, sashet biyu cif ba a ɓalle ko ɗaya ba. Na ce Gwaggo yaushe rabonki da wannan? Ta kau da kai ta ce ai matar ta ce kar a haɗa, wai na asibiti kemikal ne zai kashe ƙarfin gwal ɗin. Sati uku. Ban ce komai ba na ce ta sa hijabi mu je kemis ɗin bakin layi, yaron ya ɗaura mata abin awo a dantse ya danna, muna jin sa yana hurawa yana saki, ya tsaya a 178 bisa 104. Ya sake a ɗaya hannun bai sauka ba. Ya dube ta ya ce Mama gobe da safe ki koma wajen likitanki don Allah, ita kuma sai cewa take yi ai tafiyar da muka yi ce ta ɗaga shi, alhali ko minti uku ba mu yi a hanya ba.

Ta dai koma asibiti ranar Talata, ƙanwata ce ta raka ta, ta koma kan ƙwayarta, an kuma sa ta gwajin ƙoda. Kwalbar kuwa ta ce ba za ta zubar ba kuɗinta ne, na ce to ki ajiye kar ki sha har likita ya gan ta, ta ce ta ji, ban dai rantse ba. Da na ba Alhaji labari ya ce in gaya mata in adashin ya sake zagayowa kanta ta aiko masa da 45,000 ɗin, zai ba ta ɗan abin hanci na gwal na gaske da ya ninka na cikin kwalbar sau gommai, in ta gaji da shi ta dawo masa da shi ya ɗora a sikeli ya biya ta. Na faɗa mata a waya, ta yi shiru, can ta ce "ka tambaye shi ko yana da mai ɗan dutse a tsakiya."